Hannun Hagu

Ku sa allurar a hannun hagu.
Dama tana da aiki:
da ita nake jan carbi,
da ita nake kore ƙuda daga bakin ƙwarya,
da ita zan karɓi gaisuwa, in wani ya zo.

Kwana ashirin da ɗaya tsakani.
Motar dare daga Tawa,
Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso,
kowane ramin hanya haƙarƙarina ya san shi.
Gari na wayewa muna Yamai,
Sanusi riƙe da ledar takardu,
ni riƙe da tari, kada in dami mutane.

Shekara talatin da biyu ina tuyar masa
a bakin tasha, kan murhu.
Taba ba ta san bakina ba, ko ta gari.
Likita ya ɗaga hoton ƙirjina ga haske,
ga wani farin tabo
kamar ƙullu ya ɗiga a gefen tanda.
Na ce, to, hayaƙi ya zo karɓar bashinsa.
Ba wanda ya yi dariya.

Sunan maganin shimiyo.
Daga sama yake saukowa, ɗis, ɗis,
kamar rufin da damina ta gano rauninsa.
Kwana uku bayansa
ruwan randa ɗanɗanon ƙusa,
fura ɗanɗanon ƙusa,
ƙamshin albasa ya kore ni bayan ɗaki.
Gashi ya tafi, ban yi zaman makoki ba,
kallabi ya rufa asiri.
Harshena nake wa kuka.
Mai masa, a ce ba ta san gishiri ya ji ba!

Ɗan Jimo, tsohon direban kamiyo,
kujerarsa na jikin taga.
Ya ce, ni a ba ni mai ƙarfin,
ko zai kayar da ni ƙasa,
ɗiyata saura mata shekara guda a lakkwal.
Malama Habsu kuwa toshe kunne take:
kada a faɗa mata lissafi,
a dai sa ruwan, a bar ta da rediyonta.
Ɗaki ɗaya, ciwo ɗaya,
kowa da abin da yake ciniki a kai.

Ran zuwa na uku
likita na ta zuba wa Sanusi Faransanci
ta bisa kaina, kamar ni buhun gero ce.
Na ce, Dakta, huhun nawa ne.
Ka yi Hausa.
Ya ajiye biro. Ya jawo kujera.
Na ce, warkarwa yake, ko jan lokaci?
Ya dubi Sanusi, na ce, nan zaka duba.
Ya ce, jan lokaci ne, Iya Cima.
Na ce, na gode. Yanzu ka zo mu yi ciniki.

Tumaki biyu na sayar, da rabin kwallata,
ba don in kwanta ina amai har ƙarshe ba.
Na ƙirga: rana ta goma sha bakwai
harshena ke dawowa gida.
Jikata Mintu watanta ya tsaya.
Ɗaga mini na huɗu da mako guda,
in soya masar suna da hannuna,
in ɗanɗana,
in yi wa mai kwaɓin faɗa in yami ya yi yawa.
Ya daɗe yana duban kalanda.
Ya soke wata rana, ya rubuta wata.

Yau wani yaro ne a kujerar taga.
Ban tambaya ba. Hamsatu ba ta faɗa ba.
Tana ta bubbuga hannuna da yatsu biyu.
Iya, jijiyar hagu ta ɓuya,
mu gwada dama?

Ƙara nema, ƴata.
Ban yi sauri ba.